Bayan Saduwa Ba Kariya: Abin Yi Daga Awa ta Farko Zuwa Wata 3

Kwaroron roba ya fashe, ko ba a sa shi ba tun farko. Ko mace ta gano mijinta yana neman mata a waje. Ko an yi wa yarinya fyaɗe. Hanyoyin sun bambanta, amma tambayar da ke hana mutum barci ɗaya ce: shin na ɗauki wata cuta, kuma me zan yi yanzu? Amsar tana rataye ne a kan lokacin da ya wuce tun bayan saduwar. Akwai maganin da sai a kwana 3 na farko yake aiki, akwai gwajin da in an yi shi da wuri ba zai ga komai ba ko da cutar tana jiki, akwai kuma wanda sai an cika wata 3 ake dogara da shi. Don haka kafin komai, rubuta ranar da abin ya faru da ƙarfe nawa ne. Duk lissafin da zai biyo baya daga nan yake tashi.

Mutanenmu da yawa a irin wannan hali ɗayan biyu suke yi: ko su yi shiru suna jiran alama ta bayyana, ko su lallaɓa kemis da daddare su ce a haɗa musu maganin sanyi. Kunya ce take jawo hakan, kuma ba na raina nauyinta. Sai dai idan akwai tuba a cikin lamarin, ƙofarta a buɗe take kullum tsakanin bawa da Ubangijinsa. Ƙofar maganin kariya daga HIV kuwa awa 72 ce kawai take a buɗe.

Mataki na 1: Awa 72 na farko

Akwai maganin da ake kira PEP, wanda ake sha bayan an yi mu'amalar da ake jin tsoron ta jawo ƙanjamau, ya hana ƙwayar HIV kafuwa a jiki. Sharaɗinsa a fara shi kafin awa 72 su cika, kuma duk awar da aka rage a cikin jiran riba ce. Wanda ya fara a ranar farko ya fi wanda ya kai rana ta uku samun kariya. Ana shan sa kwana 28 cur, ba tsallake. A Najeriya yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana, wadda ake kira TLD, haɗin magunguna uku, irin wadda masu ɗauke da HIV suke sha.

Ka nufi babban asibitin gwamnati mafi kusa, ka tambayi sashen da ke kula da masu HIV. Idan dare ne ko ranar hutu, ka shiga sashen gaggawa. Kada ka ce sai Litinin. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da wannan sashe, haka manyan asibitocin jihohi. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ya isa ka ce: "Likita, shekaranjiya da dare na sadu da wadda ban san matsayin lafiyarta ba, ba tare da kwaroron roba ba. Na zo ne a kan maganar PEP." Ma'aikatan wannan sashe kullum irin maganar da suke ji ke nan.

Za a fara yi maka gwajin HIV nan take. Wannan gwaji ba ya magana a kan saduwar jiya. Yana duba ne ko kana ɗauke da ƙwayar tun da can, domin mai ɗauke da ita cikakken magani yake bukata, ba na kwana 28 ba. Idan wanda aka sadu da shi zai yarda a gwada shi shi ma, hakan yana taimaka wa likita wajen yanke shawara, amma kada jiran sa ya cinye maka lokaci.

Ba kowace saduwa ce take bukatar PEP ba, kuma yana da kyau mai fargaba ya san girman haɗarin. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan kashi 1.4 cikin 100 na manya ne ke ɗauke da HIV. Ko da an sadu da mai ɗauke da ita wanda ba ya shan magani, ƙiyasin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka shi ne kusan 8 cikin 10,000 ga mace a saduwa ɗaya ta gaba, 4 cikin 10,000 ga namiji, amma 138 cikin 10,000 ga wanda aka sadu da shi ta dubura. Haɗarin yana hauhawa idan akwai gyambo a al'aura, ko jini, ko an yi amfani da ƙarfi, ko kuma mai cutar sabon kamuwa ne. Kaciya tana rage wa namiji haɗarin ɗauka daga mace da kusan kashi 60 cikin 100, amma ragi ne, ba katanga ba. Waɗannan alkaluma na kwantar da hankali ne, ba na zama a gida ba. Likita ne zai auna ko kana bukatar maganin.

Idan an ba ka, ka tsayar da lokaci ɗaya a kullum. Tashin zuciya, ciwon kai, kasala ko rashin barci na iya zuwa a kwanakin farko, galibi kuma suna lafawa. Kada ka daina da kanka. Ka koma ka faɗa. Maganin gyambon ciki mai kama da madara, da ƙwayar ƙarin jini, da ta ƙarin ƙarfin ƙashi suna hana TLD shiga jiki yadda ya kamata, saboda haka ka gaya wa mai ba da magani idan kana shan su, ya tsara maka tazara. A watan azumi ba matsala, tunda sau ɗaya ne a rana, sai a mayar da shi bayan buɗa-baki.

'Yar'uwa, ke kuma akwai maganar ciki a cikin waɗannan awanni. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, irin Postinor-2, ta fi aiki idan an sha ta cikin awa 72, kuma ƙarfinta yana raguwa da kowace rana. Jinkirta fitar ƙwai take yi, ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga. Idan kin yi amai cikin awa 2 da shan ta, sai kin sake. Robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ake sawa a sashen tazarar haihuwa, ta fi ƙwayar tabbas idan an sa ta cikin kwana 5. Babu ɗaya a cikinsu da ke kare ki daga cuta. Idan al'ada ta yi jinkirin fiye da mako ɗaya, ko mako 3 suka wuce ba ki gan ta ba, ki yi gwajin ciki.

Sai ciwon hanta nau'in B, wanda ake yawan mantawa da shi alhali ya fi HIV saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba, ya kuma fi ta yawa a ƙasarmu: binciken 2018 ɗin nan ya samu kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi. Rigakafinsa ya shiga jerin allurar jarirai a Najeriya ne a 2004, don haka yawancin waɗanda aka haifa kafin nan ba a yi musu ba. Idan ba a taɓa yi maka ba, ka nemi a gwada ka a kuma fara maka allurar nan take, an fi so cikin awa 24. Allura uku ce: yau, bayan wata 1, da bayan wata 6.

Idan fyaɗe ne, kada a yi wanka ko a wanke tufafin kafin a je asibiti in da hali, amma ko an riga an yi wanka a tafi. Akwai cibiyoyi na musamman don wannan: Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano, cibiyoyin Salama a Jihar Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato. Ina roƙon iyaye da babbar murya: zaman sulhu da rufin asiri na iya jira, awa 72 ba sa jira. A fara kai yarinya, ko yaro, asibiti.

Abin da bai kamata a yi ba a wannan lokaci shi ne wanke cikin farji da Dettol, ko ruwan gishiri, ko kanwa, ko lemon tsami. Ba ya kashe cutar da ta riga ta shiga, sai ma ya ƙona fatar ciki ya buɗe mata hanya. Ruwa zalla a waje ya wadatar. Haka nan haɗiyar Ampiclox ko wani kafso "don rigakafi" ba ya hana komai.

Idan awa 72 sun riga sun wuce, PEP ya fita daga lissafi, amma sauran matakan duk suna nan.

Mataki na 2: Lura da jiki, ba tare da dogara da shi ba

Daga yau har a kammala gwaje-gwaje, a dakata da saduwa ko a sa kwaroron roba, har da a cikin aure. Kada kuma a ba da gudummawar jini.

Ciwon sanyi na ainihi, wato gonoriya, shi ya fi saurin bayyana ga namiji: cikin kwana 2 zuwa 7 sai ya ga ruwa kamar mugunya yana fita ta gaba, fitsari kuma yana zafi. Kalamidiya tana ɗaukar mako 1 zuwa 3, ruwanta ya fi tsinkewa, zafinta bai kai na gonoriya ba. Tirikomonas tana sa mace fitar ruwa mai kumfa da ƙarni da ƙaiƙayi. Hapis ƙuraje ne masu ruwa da raɗaɗi, suna fitowa cikin kwana 2 zuwa 12, su fashe su zama gyambo. Tunjere kuwa yaudara gare shi: bayan kamar mako 3 gyambo ɗaya yake fitowa a al'aura, ko baki, ko dubura, ba ya ciwo, kuma yana warkewa da kansa cikin 'yan makonni. Mai shi sai ya ɗauka ya rabu da shi, ko ya yaba wa maganin da ya shafa. Cutar tana nan. Bayan makonni ko watanni ta dawo da ƙuraje a jiki, har tafin hannu da tafin ƙafa, daga nan ta ɓuya shekaru tana ɓarna a zuciya da ƙwaƙwalwa. Sabon kamun HIV yakan zo da zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, kaluluwa da ƙuraje a mako na 2 zuwa na 4, abin da a wurinmu kowa zai ce maleriya ce ko taifod.

Duk da wannan jeri, abin da na fi so ka riƙe shi ne: rashin alama ba shaidar lafiya ba ne. Yawancin matan da ke ɗauke da kalamidiya ba sa jin komai, haka mata da yawa masu gonoriya, haka maza da dama. Cutar da ta zauna a maƙogwaro ko dubura ma galibi shiru take yi. A cikin wannan shirun ne take hawa ta kama mahaifa da bututun ƙwai, ta toshe su, bayan shekaru a zo ana neman haihuwa ana zargin asiri ko iska. A ɗaya ɓangaren kuma, fargaba kaɗai tana iya sa mutum jin ƙaiƙayi da zazzaɓi da komai. Gwaji ne ke raba gardama.

Wasu alamu ba a kwana da su: ciwon mara mai tsanani da zazzaɓi ga mace, ciwon mara ko zubar jini bayan ɓatan wata (yana iya zama ciki a wajen mahaifa), kumburin maraina, musamman ciwon da ya taso farat ɗaya a gefe guda, da kasa yin fitsari. Waɗannan na sashen gaggawa ne a ranar.

Mataki na 3: Gwaji a kan lokacinsa

Idan akwai alama, yau za ka je, ba jira. Idan babu, ga yadda lissafin yake.

A ranar farko ana gwajin HIV, ciwon hanta da tunjere don a san inda aka tsaya kafin wannan saduwar. Bayan mako 2 ne gwajin gonoriya da kalamidiya yake zama abin dogaro. Wanda ya fi inganci shi ne na PCR, mai gano ƙwayar kanta. Namiji fitsari yake bayarwa, farkon abin da ya fito, bayan ya yi aƙalla awa 1 bai yi fitsari ba. Mace kuma ana ɗiban ruwan farji da ɗan tsinke mai auduga. Idan an sadu ta baki ko ta dubura, sai an ɗiba daga can, domin fitsari ba zai nuna ba. Wannan magana tana da nauyin faɗa, amma in ba a faɗa ba an yi gwajin banza.

PCR yana da tsada, kuma ba kowane gari ake samun sa ba. Shi ya sa a asibitocinmu da yawa ake bin tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi don wuraren da kayan gwaji suka yi ƙaranci: a duba alamun, a ba da maganin da zai kashe duk cututtukan da suka saba kawo su. Idan likita ya ba ka maganin gonoriya da na kalamidiya tare ba tare da gwaji ba, ba sakaci ya yi ba. Ka kuma sani cewa gwajin shuka ƙwayoyin cuta da ƙananan ɗakunan gwaji suke yi ba ya gano kalamidiya sam. Takarda na iya cewa ba a ga komai ba alhali tana nan.

A mako na 6 ana maimaita gwajin HIV da na tunjere. Gwajin HIV iri-iri ne, kowanne da lokacin da yake fara gani. Na ɗakin gwaji da ake ɗiban jini daga jijiya, mai neman ƙwayar da kuma martanin jiki a kanta, yana gani daga kwana 18 zuwa 45. Na tsinke da ake huda yatsa, wanda shi aka fi yi a wurinmu, da na gwada kai a gida da ake goga wa dasashi, irin OraQuick, suna iya ɗaukar kwana 23 zuwa 90. Ma'ana, wanda ya gwada da tsinke a mako na 2 aka ce babu, bai samu amsa ba tukuna.

A wata na 3 ake rufe lissafi: HIV, tunjere, ciwon hanta B da C. Idan na HIV ya nuna babu a kwana 90, kuma ba a sake wata saduwar mai haɗari a tsakani ba, to babu. Ba sai an yi ta zagaya ɗakunan gwaji ana maimaitawa ba. Wanda ya sha PEP shi ma sai ya yi na mako 6 da na wata 3, kada ya tsaya a kan na ranar da ya gama magani.

Hapis daga gyambon ake gane shi yayin da yake ɗanye, saboda haka a je kafin ya bushe. Gwajin jininsa yakan rikita mutane fiye da yadda yake taimaka musu. Ƙwayar HPV, mai kawo tsiro a al'aura da sankarar bakin mahaifa, ba a neman ta bayan saduwa ɗaya. Abin da ke kan mace shi ne gwajin bakin mahaifa lokaci-lokaci, abin da ke kan iyaye kuma shi ne rigakafin da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a watan Oktoban 2023.

A nan sai na tsaya a kan wani abu da ke cinye kuɗin mutane da hankalinsu. Mace ta kai ruwan gaba ɗakin gwaji, takarda ta fito da sunan "sitaf", sai a ɗora ta a kan allurai na makonni, a ce shi ke hana ta haihuwa, shi ke rage wa mijinta ƙarfi. Wannan ƙwaya tana zaune a fatar mutane masu lafiya da yawa da cikin hancinsu, kuma sau da yawa daga fata take shiga abin da aka ɗiba. Ba ta cikin cututtukan saduwa da ake nema. Haka abin da ake kira cutar bayan gida: gonoriya, kalamidiya da tunjere ba a ɗaukar su a masai. Kuma ba kowane farin ruwa ko ƙaiƙayi ne cutar saduwa ba. Ƙaiƙayi mai farin ruwa kamar kindirmo yawanci wata ƙwaya ce irin ta yisti da ke yaɗuwa bayan shan kafso, ko lokacin ciki, ko ga mai ciwon suga. Ruwa mai ƙarnin kifi kuma sau da yawa rikicewar ƙwayoyin farji ne, wanda cushe-cushen kayan mata da yawan wanke ciki ke jawowa. Duk an tattara su an kira su "sanyi", shi ya sa ake zargin wanda bai yi laifi ba, ake kuma sake da cutar da ta kamata a ji tsoro.

Mataki na 4: Magani

Huɗu daga cikin waɗannan cututtuka ana warkewa daga gare su sarai: gonoriya, kalamidiya, tunjere da tirikomonas. Ina kawo magungunan ne don ka gane abin da aka rubuta maka, ba don ka haɗa wa kanka ba.

Gonoriya allura ɗaya ce ta seftiriyazon. A da ana kashe ta da fenisilin, daga baya da sifro, amma ƙwayar ta bijire musu a yawancin duniya, kuma shan kafso biyu-uku daga kemis a daina da zarar zafi ya lafa yana cikin abin da ya koya mata bijirewar. Yanzu magungunan da suka rage mata kaɗan ne. Kalamidiya doksisaikilin ne, miligiram 100 safe da yamma, kwana 7. A sha da ruwa cikakken kofi, kada a kwanta nan take, kada a haɗa da madara ko nono. Mai ciki ba ta shan sa, azitiromaisin ake ba ta. Tunjere allurar fenisilin ce mai daɗewa a jiki, guda ɗaya idan sabon kamu ne, guda uku mako-mako idan ya daɗe ko ba a san lokacin kamuwa ba. Wasu sukan yi zazzaɓi da ciwon jiki a cikin awa 24 bayan allurar. Yana wucewa, amma mai ciki ta koma asibiti idan ta ji haka. Wanda fenisilin ya taɓa yi wa illa ya faɗa kafin a soka. Tirikomonas kuma Flagyl ne, yawanci kwana 7 ga mace.

Game da tunjere akwai abin da ke ruɗa mutane: wani nau'in gwajinsa yana ci gaba da nuna alamar cutar har ƙarshen rayuwa ko an warke. Likita yana bin ɗaya gwajin ne, mai lamba, ya ga tana sauka cikin watanni. Ka adana takardar maganinka don kada a yi ta maimaita maka allura a duk inda ka je.

Hapis ba a fitar da shi daga jiki, amma maganin asaikulobiya yana gajarta kwanakin ƙurajen, kuma tasowarsa tana raguwa da shekaru. Ciwon hanta B sau da yawa jikin babban mutum yana kawar da shi da kansa cikin wata 6. Wanda ya zauna masa, likitan hanta ne zai bi shi ya ga ko yana bukatar magani. Na C yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin wata 2 zuwa 3.

Ka shanye magani duka ko alamu sun ɓace a rana ta biyu. Ba saduwa har kwana 7 bayan allura ko ƙwayar sha-ɗaya, ko har a gama na kwana 7, kuma sai abokin zama shi ma ya gama nasa. Idan mako ya wuce alamu suna nan, ka koma inda aka ba ka magani, kada ka canja kemis. Masu tallar maganin sanyi da lasifika a tasha da kasuwa kuwa, jarka ɗaya da aka ce tana maganin sanyi da basir da rashin ƙarfi ba ta kashe gonoriya. Alamar ce take lafawa da kanta, cutar tana ciki.

Mataki na 5: Gida gaba ɗaya

Nan ne magani ya fi lalacewa a ƙasar Hausa. Mace ta je asibiti ta sha magani ta warke, ta koma wurin mijin da bai sha ba, bayan wata ɗaya ta dawo da ciwon, a ce sanyinta ba ya jin magani. A gidan da ke da mata biyu ko uku kuwa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: cutar tana bin rabon kwana tana zagayawa. Ƙa'idar ita ce duk wanda aka sadu da shi cikin kwana 60 da suka wuce a yi masa maganin gonoriya ko kalamidiya, ko yana da alama ko ba shi da ita, kuma a lokaci guda. Na tunjere lissafinsa ya fi haka nisa, likita zai faɗa.

Faɗar ita ce wahala. Maigida, kai ne ya fi sauƙi ka ɗauki wannan nauyi, ba sai an yi tone-tone ba: "Uwargida, likita ya same ni da ciwon sanyi, ya ce sai an yi mana magani mu duka. Gobe ki shirya ke da amarya mu je." Matar da ke tsoron abin da zai biyo baya tana iya cewa: "Maigida, an ba ni magani a asibiti, sun ce ba zai yi aiki ba sai kai ma an duba ka." Ko ta roƙi ma'aikaciyar lafiya ta rubuto takardar gayyata, ko ta kira shi da kanta. Idan akwai tsoron duka ko saki, ki faɗa wa ma'aikaciyar tun farko don a nemi hanyar da ba za ta jefa ki cikin haɗari ba. Ya kamata kowa ya sani cewa kalamidiya, hapis da tunjere suna iya zama a jiki watanni ko shekaru ba alama, har daga auren baya, don haka bayyanarsu yau ba hujja ba ce a kan wanda ya kawo su ko yaushe.

Mai ciki kada ta jira kowane lissafi na sama. Ta faɗa a wurin awo. Tunjere yana kashe ɗa a ciki ko a haife shi da cutar, kuma allurar fenisilin a kan lokaci tana hana hakan. Gonoriya tana kama idon jariri wajen haihuwa har ta makantar da shi. Jaririn da idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya a makonnin farko asibiti za a kai shi a ranar, ba a ɗiga masa nono ko a sa masa kwalli ba. Uwa mai ciwon hanta B, a tabbatar an yi wa jaririnta rigakafi cikin awa 24 da haihuwa.

Idan gwajin HIV ya nuna akwai

Tsinke ɗaya ba ya yanke hukunci; sai an tabbatar da wani gwajin na daban. Wanda ya gwada kansa a gida ya ga layi biyu, asibiti zai je a tabbatar. Idan ta tabbata, ana fara magani a ranar ko cikin 'yan kwanaki, kuma maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Mai shan sa kullum, yawanci cikin wata 6 ƙwayar takan ragu a jininsa har gwaji ya kasa ganin ta, kuma wanda ya kai wannan matsayi ya riƙe shi ba ya sa wa abokin aurensa ta hanyar saduwa. Yana aure, yana haihuwar 'ya'ya masu lafiya, yana tsufa. Dokar hana tsangwamar masu HIV ta 2014 ta haramta korar mutum daga aiki ko makaranta saboda cutar, ta kuma hana bayyana matsayinsa ba da izininsa ba. A Kano, tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da HIV da ciwon hanta. Wanda ya san matsayinsa da wuri ya fara magani ya fi wanda zai fara ji ana saura mako ɗaya ɗaurin aure. Masu shirin aure kuma su lura da lissafin kwana 90 ɗin nan: takardar da aka karɓa mako 2 bayan saduwa mai haɗari ba ta wanke kowa ba.

Wanda aka yi wa maganin gonoriya, kalamidiya ko tirikomonas ya koma a sake duba shi bayan wata 3, domin sake kamuwa daga abokin zaman da bai sha magani ba abu ne da ke yawan faruwa. Wanda kuma ya ga wannan hali yana maimaituwa gare shi, ko matar da ta san mijinta ba zai daina ba kuma ba zai sa kwaroron roba ba, ko mai aure da wanda ke ɗauke da HIV bai daɗe da fara magani ba, ya tambayi sashen nan a kan PrEP, ƙwayar da ake sha kullum tun kafin saduwa. Tana kare mutum daga HIV sosai, amma ba ta hana gonoriya, tunjere ko ciki, saboda haka mai shan ta ana gwada shi duk wata 3.